Wa Zai Karanta? Tsara Mujallar Waƙa Don Yaran Gaya Da Ajingi

Jawabin da wani malamin firamare, ɗan wannan reshe, ya gabatar wa taron mambobi kan shawarar fito da mujallar kiɗa da waƙa



 

An ɗora mini nauyin yin bayani kan shawarar da ke gabanmu, wato reshen nan ya riƙa fitar da 'yar mujalla ta kiɗa da waƙa cikin harshen Hausa, sau ɗaya a kowane zangon karatu. An ce in duba yadda za a tsara ta har ta shiga ran waɗanda aka yi dominsu. Tun da maganar ta taso ake ta musayar ra'ayi a kan suna, da launin bango, da wanda zai zama edita. Duk waɗannan suna da muhimmanci, sai dai akwai tambayar da ta riga su zuwa: wa zai karanta? Kuɗin wannan aiki daga aljihun malamai zai fito, kuma kowa a nan ya san yadda albashin malamin firamare yake jan ƙafa kafin ya ga ƙarshen wata. Idan muka buga abin da zai ƙare a hannun mai ƙosai tana naɗe ƙosai da shi, mun ci amanar 'yan'uwanmu. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Me ya haɗa malami da mujallar waƙa?

Duk wanda ya taɓa riƙe aji biyar ko aji shida ya san irin yaron da zan kwatanta. Ka miƙa masa littafin Hausa ya karanta layi biyu, sai ya yi ta in'ina kamar mai tafiya a kan ƙaya. Amma da an tashi tara, sai ka ji shi a gindin bishiya yana rera waƙar Hamisu Breaker ko ta Umar M. Shareef daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Yarinyar da ba ta iya rubuta sunan garinsu daidai ba, ta haddace baitocin Nura M. Inuwa tun kafin malaminta ya san an yi waƙar. Ƙwaƙwalwa dai akwai ta, son harshe ma akwai shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne takardar da yaro zai yi marmarin buɗewa da kansa, ba don tsoron bulala ba. A yawancin gidajen da ɗalibanmu suke fitowa, in ka ɗebe allo da littattafan addini da na makaranta, da wuya ka tarar da wani abin karantawa da aka yi don yaro. Karatu kuwa kamar riƙon fartanya ne, sai hannu ya saba.

Saboda haka manufa ta farko ita ce mu ja yaro zuwa karatu da igiyar abin da ya riga ya ke so. Manufa ta biyu ita ce adana abin da yake shirin ɓacewa. Da injin niƙa ya shigo, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙar niƙa ta bi shi. Da siminti ya maye gurbin daɓe, waƙar daɓe ta rasa ranar fita. Gaɗa ma ta ja baya tun da waya ta mamaye dandali. Waɗannan waƙoƙi suna nan a bakin kakanninmu mata a Kademi da Gamarya da Toranke da Balare, kuma duk tsohuwar da ta kwanta dama da nata take tafiya. Ina roƙon mu riƙe jerin nan yadda na kawo shi: karatu a gaba, adanawa na biye. Idan muka juya shi, za mu yi mujallar da malamai za su yaba, yara su ƙi taɓawa.

Darasi daga waɗanda suka riga mu

Ba mu ne farkon masu neman mai karatu da Hausa ba. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. Ku dubi sunan kawai: ya faɗi abin da ake sayarwa, ya kuma faɗi kuɗinsa. Imam ya san jaridarsa za ta faɗa hannun mutum ɗaya da ya iya boko, ya karanta wa mutum goma da ba su iya ba, don haka ya yi rubutun da kunne zai ji daɗinsa. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, an fito da ƙananan jaridu na larduna, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, domin wanda ya koyi karatu jiya ya fi ɗokin ganin sunan garinsu a takarda. Daga baya kamfanin Triumph na Kano ya buga Albishir da boko, ya buga Alfijir da ajami. Harshe ɗaya ne, amma da yake masu karatun biyu ne, sai aka ba kowa baƙin da idonsa ya saba da shi.

A fagen nishaɗi kuwa, mujallar Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, kuma a shafukanta aka fara ganin kalmar Kannywood. A watan Maris na 1999 Malam Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna, ta yi sama da shekara ashirin tana fitowa, alhali takwarorinta da dama sun yi fitowa kaɗan sun ɓace. Wanda ya taɓa riƙe Fim ya san abin da yake jan mai saye: fuskar da ya sani a bango, doguwar hira da bakin mai ita, filin wasiƙu inda mai karatu yake ganin sunansa da na garinsu, da Hausa mai kiyaye ƙa'idar rubutu. Ta san masu kallon finafinai take yi wa magana, ba ta kuma juya musu baya ba.

Akwai wani misali daga Afirka ta Kudu da ya dace da mu ƙwarai. A 1951 aka kafa wata mujalla mai suna African Drum don baƙaƙen fata. Masu ita sun cika ta da kiɗan gargajiya da tatsuniyoyi da al'adun karkara, bisa zaton abin da Ba'afirke yake so ke nan. Kasuwa ta ƙi. Da aka koma birnin Johannesburg aka saurari mutanen unguwanni, sai aka gane suna son labarin mawaƙan zamaninsu da 'yan dambensu da halin da suke ciki a birni. Aka sauya abin da ke ciki, aka taƙaita sunan ya koma Drum, ta yi farin jinin da har a Nijeriya aka riƙa buga tata. Kuskuren farko na masu Drum shi ne wanda ya fi kusa da mu malamai: mu yanke wa yaro abin da ya kamata ya so, mu buga, mu zauna muna jiran ya zo.

A Ingila kuma an yi Smash Hits daga 1978, wadda ta ja matasa da abu biyu, wato rubutattun baitocin waƙoƙin da ake yayi da manyan hotunan da ake mannawa a bangon ɗaki. Ta rufe a 2006. Ita ma NME, wadda aka fara a 1952, ta daina fitowar mako-mako a takarda a 2018. Dalili a bayyane yake, waya ta riga takarda kai labari. Darasinmu a nan shi ne kada mujallar da za ta fito sau uku a shekara ta ce za ta yi tseren labari da Facebook da TikTok. Kafin mu kai maɗaba'a, waƙar da muka kira sabuwa ta tsufa. Sai mu nemi abin da waya ba ta bayarwa: baiti a rubuce daidai, ma'anarsa, asalin mai shi, da fuskokin mutanen garinmu.

Mutum uku a bakin ƙofa

Kowace mujalla irin wannan tana da mutum uku da za ta gamsar. Akwai mai karantawa, akwai mai biyan kuɗi, akwai mai ba da izinin shiga gida. A birni sau da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da ukun. A wurinmu kuwa yaro ne zai karanta, uba ko uwa ko yaya ne zai biya, maigida da malamin Islamiyya ne za su ce ta shiga ko kada ta shiga.

Shawarata ita ce mu zaɓi mai karatu guda, mu sa shi a gabanmu: yaro ko yarinya daga aji biyar na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, wato daga shekara 11 zuwa 16. Wanda bai kai haka ba, karatunsa bai yi ƙwarin ɗaukar shafi guda ba. Wanda ya wuce haka kuwa yawanci ya mallaki waya, ya yi mana nisa. Wannan tsakanin shi ne lokacin da yaro yake kama karatu ya riƙe har abada, ko ya sake shi har abada. Kuma kada mu manta da 'yan mata. Tarihin littattafan Hausa na Kano, tun daga rubuce-rubucen Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, ya nuna mata ne ƙashin bayan masu karatun Hausa. Mujallar da ta shiga hannun yarinya ta shiga cikin gida ke nan, yayyenta da matan gidan duk za su karanta.

Wani zai ce to mu malamai da iyalanmu fa? Za mu karanta, kuma za mu ji daɗi, domin babba yana iya karanta abin da aka rubuta wa yaro. Yaro ne ba ya iya karanta abin da aka rubuta wa babba. Su kuwa mai biya da mai izini, haƙƙinsu a kanmu shi ne kada su buɗe kowane shafi su ga abin da zai sa su kunya a gaban 'ya'yansu.

Suna da bango

Suna ya zama gajere, Bahaushe, mai sauƙin faɗa ga yaron da aka aika ya sayo. Fim harafi uku ce. Sunaye irin su Amshi ko Kalangu ko Zuga sun fi dogon suna mai ɗauke da sunan ƙungiya da na reshe. Sunan reshe ya zauna a ƙasan bango da ƙananan baƙaƙe. Yaro in ya hango tambarin hukuma ya cika bango, zai ɗauka takardar jarrabawa ce.

Bango shi ne fuskar mujalla, kuma an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Hoto ɗaya babba ya fi ƙanana goma. Fuska ce take tsayar da mai wucewa, musamman wadda ya sani. A nan ne gardama za ta taso, na sani. Wasunmu za su so Shata ko Ɗanƙwairo a bangon farko. Ni ma a kansu na tashi, amma Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya riga shi a 1991, duk yaron da muke magana a kansa ba a haife shi ba a lokacin. A sa mawaƙin da yaro ya sani a bango, wanda aka yarda da tsabtar kalamansa da shigarsa, irin su Aminu Ala, sa'an nan a ajiye Shata a ciki inda yaron zai ci karo da shi. Kanun da ke bango kada su wuce uku, kuma ɗaya daga ciki ya ambaci wani gari namu. Yaron Gurduba in ya ga an rubuta Gurduba a bango, ko bashi ne zai ci ya saya.

Abin da zai shiga ciki

Maɗaba'a tana naɗe babbar takarda gida biyu ta ba da shafi huɗu, don haka yawan shafuka sai ya zama huɗu-huɗu. Ina ganin shafi 16 ya ishe mu farawa, wato takarda huɗu ke nan a naɗe. Ga yadda nake ganin rabon.

Bayan bango da shafin gaisuwar edita, wadda bai kamata ta wuce rabin shafi ba, sai a ba hira shafi uku. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A tambayi mawaƙi abin da yaro zai so ya ji: wace makaranta ya yi, wane malami yake tunawa, yaya yake tsara baiti, sau nawa yake gogewa kafin ya shiga sitidiyo. Yaron da ya ji gwaninsa yana rubutu yana gogewa, zai daina ganin gyaran da malami yake yi masa a matsayin wulaƙanci.

Sai shafi biyu na baitoci da fashin baƙi. Wannan ne zuciyar mujallar. Yaro ya riga ya haddace waƙar da ka, yanzu zai gan ta a rubuce, idonsa ya haɗa sautin da ya sani da baƙin da bai sani ba. Kowane malamin aji ɗaya ya san wannan dabara. A gefe a fito da kalmomi biyar ko shida masu wuya, da karin maganar da mawaƙin ya saƙa, a bayyana su a taƙaice.

Shafukan tsakiya biyu, waɗanda ake iya cirewa a manna a bangon aji, a ba kayan kiɗa. A zana kalangu babba, a nuna icensa da fatarsa da tsarkiyarsa da makaɗinsa, a faɗi yadda matsa tsarkiya a hammata yake sauya murya har kalangu ya yi magana. Fitowa ta gaba a ɗauki kotso na su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, ko gurmin Haruna Uji na Haɗeja, ko ƙwaryar amada ta Barmani Choge. Mu mutanen Gaya muna da dalili na musamman na fara wa da dundufa, kiɗan maƙera, tun da tarihin Kano ya ambaci Abagayawa, maƙeran da ake cewa daga Gaya suka tashi zuwa Dala neman tama. A nuna wa yaro cewa a ƙasar Hausa kusan kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, fada da tambari da kakaki da algaita.

Shafi biyu na gaba a kira su na da da na yanzu. A ɗauki jigo ɗaya, kamar noma ko zumunci ko neman ilimi, a nuna yadda tsohon makaɗi ya taɓa shi da yadda na yau ya taɓa shi. Ba sai mun ƙirƙiri komai ba. Littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero yana nan, haka ma Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006. Aikinmu shi ne mu sauko da abin da ke cikinsu zuwa harshen ɗan aji shida.

Shafi ɗaya na waƙoƙin mata ne, kuma ɗalibai ne za su cika shi. A aiki yarinya ta zauna gaban kakarta ta rubuto waƙar niƙa ko ta raino ko ta gaɗa, a buga da sunan yarinyar da makarantarsu da garinsu, bayan an nemi yardar iyayenta da ta tsohuwar. Da jifa ɗaya an sami rubutu, an sami adanawa, an kuma sami gidan da zai ajiye mujallar a ƙasan akwati. Shafi ɗaya kuma na rubutacciyar waƙa, inda za a gabatar da su Nana Asma'u da Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, a koya wa yaro amsa-amo da ma'aunin baiti. Ragowar shafi biyu na ciki a bar wa gasar waƙa tsakanin makarantu, da wasiƙu, da kacici-kacici. Bangon baya na talla ne.

Harshe da baƙi

Mu malamai muna da ciwon doguwar jimla da son wa'azi a ƙarshen kowane zance. Mujallar nan ba ta buƙatar ko ɗaya. Jimla ta zama wadda yaro zai karanta da numfashi ɗaya. Labari in ya yi kyau, darasinsa yana cikinsa, ba sai an bi shi da sanda ba. Baƙaƙe su fi na jarida girma, a bar sarari tsakanin layuka, kada a cushe shafi har ido ya rasa wurin hutawa. Kowane hoto a rubuta bayaninsa a ƙasa, domin mai raunin karatu daga nan yake farawa.

Ƙa'idar rubutu kuwa ba sassauci. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, dole su fito yadda suke. Kafin a ba mai maɗaba'a aiki, a tabbatar kwamfutarsa tana da su, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne mujallar malamai ta kasa bambance ƙasa da kasa, ko ɓata da bata. A raba kalmomi inda ƙa'ida ta ce a raba, a haɗa inda ta ce a haɗa, kada rubutun waya ya bi mu har cikin takarda. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya kasance a kan teburin edita.

Iyakokin da za mu kiyaye

Na san a cikinmu da cikin iyayen yara akwai masu ƙyamar kiɗa saboda dalilin addini, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Abin da zan ce shi ne waƙoƙin nan sun riga sun shiga kunnen yaranmu ta shagon masu caji da masu tura waƙa a waya, ba tare da an nemi izinin kowa ba. Mujallar da malamai suka tace tana ba mu damar zaɓa wa yaro mai kyau, mu kuma koya masa auna magana kafin ya rera ta. Duk waƙar da ke da batsa ko zambo ko cin mutunci ba ta da wuri. Ina ba da shawarar a sa malamin addini ɗaya da uwa ɗaya cikin masu duba kowace fitowa kafin a kai maɗaba'a.

Iyaka ta biyu ita ce siyasa. Mu ma'aikatan gwamnati ne, kuma a zauren nan akwai mai ra'ayin kowace jam'iyya. Waƙar siyasa tana da kasuwa, masu ita kuma suna da kuɗin da za su ɗauki nauyin bugu baki ɗaya. Ranar da muka karɓa, ranar rabin makarantunmu za su daina karɓar mujallar. Bango ba na sayarwa ba ne. Talla kuwa a karɓa daga masu sayar da littattafai da teloli masu ɗinka kayan makaranta da makamantansu, a kuma rubuta a samanta cewa talla ce.

Iyaka ta uku ita ce haƙƙin mallaka. Baitin mawaƙi dukiyarsa ce, dokar ƙasa ta kare ta. Kada mu buga waƙar kowa ko hotonsa sai da izininsa a rubuce, ko na magadansa in ya rasu. Mai koya wa yara cewa satar amsa laifi ce bai kamata a kama shi da satar baiti ba.

Kuɗi da rabawa

Takarda ita ce take cinye mafi yawan kuɗin bugu, farashinta kuma yana bin dala. Don haka bango da shafukan tsakiya kaɗai za a yi masu launi, sauran baƙi da fari. Bangon ya zama mai kauri, domin kwafi ɗaya zai bi hannuwa da yawa. Kada a buga fiye da abin da aka san inda za shi: kowane shugaban makaranta ya faɗi adadin da zai iya rabarwa kafin a je Kano wurin masu maɗaba'a. Ban goyi bayan rabawa kyauta ba, abin da aka samu a banza a banza yake tafiya. A sa kuɗi kaɗan, gwargwadon abin da yaro zai iya tarawa daga kuɗin tararsa cikin 'yan kwanaki, amma kowane aji ya sami kwafi na karatun aji wanda reshe zai biya. A kai saura kasuwannin ƙauyukanmu ranar da suke ci. Bayan wata guda da fitowa, a saki hotonta a WhatsApp don 'yan'uwanmu da ke nesa. Idan aka riga aka saki, babu mai sayen ta takarda.

Gwaji kafin bugu

Abu na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi mantawa. Kafin a kashe ko kwabo a maɗaba'a, a haɗa samfurin shafi huɗu da injin hoton takarda, da bango iri biyu. A kai makarantu shida, uku a Gaya, uku a Ajingi, a haɗa da na cikin gari da na ƙauye, da ajin 'yan mata. A ajiye a kan benci, malami ya koma gefe ya yi shiru. Wane bango suka fara ɗauka? A wane shafi suka tsaya? Ina suka tsallake? A sa mai matsakaicin ƙoƙari ya karanta da ƙarfi, duk inda ya yi tuntuɓe a ja layi, a koma a gyara jimlar. Sa'an nan a ba su su kai gida, a ji abin da iyaye suka ce. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kammalawa

Ya shugaba, ina roƙon taron nan ya yanke abu uku kafin mu tashi. Na ɗaya, mu amince cewa mai karatunmu shi ne yaro da yarinya 'yan shekara 11 zuwa 16, kuma duk gardamar da ta taso kan suna ko hoto ko shafi, da su za a auna ta. Na biyu, a kafa kwamiti ƙarami wanda mata ba za su gaza biyu a cikinsa ba, ya haɗa samfuri ya gwada shi cikin wannan zango. Na uku, kada a taɓa asusun reshe don bugu sai kwamitin ya dawo gaban wannan zaure da abin da yara da iyayensu suka faɗa. Idan suka karɓa, mu buga da ƙarfin gwiwa. Idan suka ƙi, mun tsira da kuɗinmu, mun kuma san inda za mu gyara.

An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kiɗan da yaranmu suke ji ya sauya, amma aikinmu na sa su iya karatu da rubutu yana nan yadda magabata suka bar mana shi. Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci ɗalibanmu, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya.